Daminar da Na Yi Cikin Bargo

Shekarar da aka canza takardun kuɗi, mutane suna wuni a bakin banki su dawo hannu wofi, a shekarar ce aka yi mini aiki a wuya. Duk wanda ya yi wayo ya tuna ta, don haka ba sai na faɗi lambarta ba.

Sunana Sale. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Roni. Manomi ne ni, amma abin da ya fi riƙe gidana shi ne shanun huɗa guda biyu, Fari da Jatau. Idan ruwa ya sauka nakan huɗe gonata, sannan in bi gonakin mutane ina yi musu. 'Yan makonnin nan na huɗa su ne abincin gidana na shekara. Wanda ya rasa su ya rasa shekarar. Na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan na haura arba'in, kuma da hannuna nake rubuta wannan, a hankali, saboda duk ranar kasuwa ina ganin masu wuya irin wanda nake da shi a da. Ina so su san abin da ba a gaya mini ba.

Maƙoƙon ya daɗe tare da ni. Da farko maɓallin wuyan riga ne ya daina rufuwa. Ba ya ciwo, shi ya sa ban kula ba. Taubashina Audu, ɗan gwaggona wanda muka tashi tare, shi ya fara sa masa suna.

"Bawana, ƙwallon gorubar nan da ka haɗiye don kada ka ba ni, ga shi nan ya tsaya maka."

"Ka bari in na mutu ka ciro abinka," na ce masa.

Shawara kam na sha ta. Wanzami ya ce bari ya yi mini tsaga. Wata tsohuwa ta ce in shafa toka da kanwa. Wani ya ce wai na taɓa yi wa mai maƙoƙo dariya ina yaro. Na shafa abin da aka ce in shafa, na sha abin da aka ce in sha, tsagar kawai na ƙi. Abu sai girma yake yi. Daminar da ta gabaci aikin, in na riƙe garma na yi kunya biyu sai numfashi ya gagare ni. Lomar tuwo sai na bi ta da ruwa. In na kwanta rigingine sai in ji kamar an ɗora mini hannu a maƙogwaro. Matata Rabi ce ta ce ba za ta ƙara zama tana sauraron yadda nake numfashi ba, mu tafi asibiti.

Bayan an gama kaka muka je wani asibiti a Kazaure. Muka yanki kati, muka bi layi har azahar. Likita ya taɓa wuyan, ya ce in haɗiye yawu, ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai Kano. Daga nan zirga-zirga ta fara. Acaɓa daga ƙauye zuwa Kazaure, mota daga Kazaure zuwa Kano, wannan mako a ɗebi jini, mako na gaba a ɗauki hoto, wani makon a soka allura a wuyan a ce a dawo a ji sakamako. Kowace tafiya da abin da take cinyewa, buhun gyaɗa ko akuya. Ana cikin haka canjin kuɗi ya zo. Direba ya ƙi tsoho, sabo kuwa babu shi. Wata rana ni da Audu mun isa Kano bayan an rufe karɓar kati, muka juyo ba mu ga kowa ba. A babban asibitin akwai wani dogon benci da na san kowace ƙusa da ke jikinsa.

Da suka ce za a cire shi gaba ɗaya, tambaya ɗaya na yi wa likitan.

"Ranka ya daɗe, zan tashi kafin ruwa ya sauka?"

Ya ce ciwon yanka ba ya daɗewa, 'yan makonni ne. Gaskiya ya faɗa, don yankan ya warke kamar yadda ya ce. Ni kuwa na lissafa cewa ana cikin rani, ga azumi a gaba, ga bazara, kafin damina na miƙe. Na sa hannu a takarda. Sunana na rubuta da kaina, ban dangwala ba.

Aka yi aiki, Allah ya sa aka yi a sa'a. Na farka na ji iska tana shiga ƙirjina ba tare da ta nemi hanya ba. Muryata dai ta dushe, suka ce wataƙila ta dawo. Ranar sallama ɗakin ya cika, ana jiran gadon da nake kai. Audu ne ya je tagar magani. Ya dawo da ledoji biyu, ɗaya mai 'yan ƙananan ƙwayoyi kamar ƙwayar dawa, ɗaya mai manyan farare da aka ce na ƙarfin ƙashi ne. Na tambaye shi me aka ce.

"An ce kullum da safe."

"Shi ke nan?"

"Mutum nawa ne a bayana suna ture ni? Mai ba da maganin ta yi wata magana, ban ji ba. Magani dai ai sha ake yi, bawana, ba ratayawa ba."

Makonnin farko a gida na ji daɗi. Mutane suna ta zuwa barka da arziki, kowa sai ya leƙa wuyan ya ce kamar ba a taɓa yin komai ba. Ina fita in zuba wa shanu harawa, in shafa bayan Jatau. Duk mun ɗauka ciwon shi ne kumburin, tunda kumburi ya tafi, ciwo ya tafi.

A lokacin ne Inna, mahaifiyar Rabi, ta fara zuwa. Mutanen Rabi makiyaya ne a wajen Gwiwa. Tsakanina da Inna akwai kunya irin ta surukai. Tunda na auri 'yarta ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama inda nake zaune ba. In tana da magana sai ta tsaya a tsakar gida ta faɗa wa Rabi da ƙarfi yadda zan ji. Ta riƙa ɗauko ƙwaryar nono tun daga can, wani lokaci a ƙafa, don ta ce mutumin da aka zubar wa jini nono ne ke mayar da shi.

"A gaya masa," ta ce, "maganin asibiti ba ya sauka a cikin da babu komai. Hanji yake ci. A fara shimfiɗa masa fura."

Wannan ba maganar Inna ba ce ita kaɗai. Duk garinmu haka muka sani, ni ma haka na sani. Saboda haka kullum da safe Rabi takan dama fura da nono mai kauri, ta zuba mini ƙaramar ƙwayar da babbar a tafin hannu, ta ƙara da wata ja ta ƙarin jini da Audu ya sayo a kemis a Roni. In watsa su duka a baki in bi da fura. Ranar da babu nono, kunun kanwa. Da azumi ya kama muka mayar da shi lokacin sahur, a kan tuwo da fura. Ba a taɓa tsallake rana ba. Rabi ba ta wasa da wannan.

Ranar da aka ce in koma Kano ta faɗo cikin azumi. Na dubi wuyana ya warke sumul, na dubi abin da tafiyar za ta ci, na ce a bari sai bayan Sallah.

Bayan Sallah kuwa sai jikina ya fara yin nauyi. Ba ciwo ba ne da zan nuna wurinsa. In na zauna, tashi sai na yi shawara da ƙafafuna. Barci ya riƙa ɗaukata ana tsakiyar magana. Ga bazara, zafin da mutane ke gudu daga ɗaki suna neman inuwa, ni kuwa sanyi nake ji har cikin ƙashi. Na sa aka ciro mini bargo. Fuskata ta kumbura, fatar ƙwaurina ta bushe tana farfashewa, bayan gida ya zama aiki. Wata rana na ɗauko littafin ajinmu don in rage zaman banza. Haruffan da na yi shekara biyu ina sabawa da su suka tsaya suna kallona. Na san na san su, amma kafin in haɗa na farko da na biyu na manta na farkon.

Abin da ya fi tsananta mini shi ne ina nan a ciki. Ina jin duk abin da ake faɗa. Amsa tana nan a kaina, amma kafin ta iso bakina an wuce wurin. Sai mutane suka fara magana a kaina kamar ba na ɗakin. Wani ya ce sammu ne, an ga yana samu da shanunsa. Wani ya ce iska ce ta asibiti ya kwaso. Aka yi mini rubutu na sha, aka yi hayaƙi, aka yi addu'a, kuma na gode wa duk wanda ya yi, don da zuciya ɗaya suka yi.

Ƙaramar ƙwayar ta ƙare a daidai wannan lokaci. Audu ya nema a Roni babu. Ya je Kazaure ya zaga inda ya sani, aka ce sai dai a aika Kano. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofata, Rabi tana gefe, Inna tana can tsakar gida.

"A tambaye shi," in ji Inna, "da ya dawo daga Kano ba da ƙafarsa yake zuwa wurin shanu ba?"

"Da ƙafarsa, Inna," in ji Rabi.

"To tunda ya fara haɗiyar abin nan yake yin ƙasa. Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. A bar shi ya huta da shi."

Audu ya ce shi ma ya lura da haka. Ni ma, a cikin kaina, na ga maganar ta hau. Na fara magani ina da ƙarfi, na ci gaba da sha ina raguwa. Wa zai ce ba maganin ba ne? Aka bar nemansa.

Daga nan sai gangara.

Ruwan farko ya same ni a kwance. Da hantsi ne hadari ya haɗo daga gabas, na ji iska tana kaɗa ƙyauren, na ji ƙamshin ƙasa ya shigo ɗakin. Fari ya yi kuka a turke, Jatau ya amsa masa. Sun san lokaci kamar yadda na sani. Da ruwa ya zauna sai sallama ta fara yawa a zaure. Ina jin muryoyinsu, mutanen da nake yi wa huɗa shekara da shekaru.

"Malam Sale na ciki? Gonar nan ta bayan rafi ce, na ce ko zai sa ni a layi."

"Yana ciki, amma jikin sai a hankali," Rabi take amsawa daga bayan ƙofa.

"Allah ya ba shi lafiya. To bari in leƙa wani wurin, kada ƙasa ta bushe."

Ba na ganin laifinsu. Ƙasa ba ta jiran mai jinya.

Audu ya ce shi zai riƙe garmar. Tela ne shi, hannunsa ya saba da almakashi. Ya fita da su da safe, kafin azahar ya dawo jiƙe da gumi, laka har gwiwa.

"Shanunka sun ɗauko halinka, bawana. Na ce dama sun yi hagu. Jan nan ma tsayawa ya yi yana kallona kamar na ci masa bashi. In ka ga kunyar da muka yi sai ka ce maciji ne ya bi ta wurin."

Na so in yi dariya. Na so in gaya masa ba a jan igiyar Jatau, magana ake yi masa, shi kuma Fari sai an bar shi ya fara taka ƙafa. Kafin in haɗa maganar Audu ya tashi ya tafi wanke ƙafa.

Washegari na ce sai na fita. Na jira Rabi ta tafi rijiya. Na dafa bango na miƙe da bargona, na bi bango har ƙofar gida. Daga nan zuwa turken shanu bai fi tsawon igiya biyu ba. Na saki bango na yi taku kaɗan, gwiwoyina suka ƙi. Na zauna a cikin laka. Fari yana can ya ba ni baya yana tuƙa. Na buɗe baki in kira shi yadda na saba, abin da ya fito bai fi raɗa ba. Bai ko juyo ba. A nan Rabi ta dawo ta same ni. Ta sauke tulun, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatata. Sai da ta kwantar da ni ta ce, "Malam, in ka faɗi a waje ni kaɗai ba zan iya ɗaga ka ba. Ka yi mini wannan alfarmar." Ban ƙara gwadawa ba.

Bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, wata safiya Rabi ta tashe ni na ƙi tashi sosai. Ta ce jikina ya yi sanyi kamar randa. A amalankena aka ɗora ni, shanuna suka ja ni zuwa bakin titi, daga nan aka sami mota zuwa Kazaure. Abin da na tuna kaɗan ne. Na tuna wata likita mace ta ɗaga haɓata ta ga tabon aikin, ta juya wurin Rabi.

"Ina maganin da yake sha?"

"Ya ƙare, likita. Mun ga kamar shi ke kayar da shi."

"Tun yaushe?"

Da Rabi ta faɗa mata, sai likitar ta ajiye abin rubutunta, ta fita da sauri ta kira wani.

Aka ba ni gado. Aka ce za a aika jinina Kano, a sayo magani daga can, ga kuɗin gado, ga na allurai. A gida babu sauran gyaɗa, awaki sun tafi tun rani. Audu ya durƙusa a gefen gadon, a karon farko a rayuwarsa bai ce mini bawana ba.

"Sale, ba yadda za a yi. Gobe kasuwa ce a Babura. Zan kai Jatau. Ka ji ni?"

Na ji shi. A cikin kaina na ce a'a. Na ce a jinginar da gonar gyaɗa, gona tana dawowa, amma sa irin Jatau sai an shekara uku ana koya masa. Na ce a je wurin mutanen da nake yi wa huɗa a karɓi kuɗin huɗar baɗi. Maganar tana nan a shirye, ina tura ta, tana tafiya kamar mai tafiya cikin yashi. Audu ya jira. Ya ƙara jira. Sannan ya ce wa Rabi, "Ya yi shiru, ya yarda ke nan." Ya tashi ya fita. Da "a'a" ta iso bakina, Rabi kaɗai ce a wurin, ta sunkuyo ta ce, "Ruwa kake so?"

Kuɗin Jatau ne suka tashe ni, wannan ba zan ɓoye ba. Har yau ban gaya wa Audu abin da na so faɗa ba, sai dai in ya karanta a nan.

Da kaina ya fara washewa, likitar ta zo ta jawo kujera ta zauna. Tunda na fara wannan jinya ba wanda ya taɓa zama don ya yi mini bayani sai ita. Ta ce a kira Rabi. Zan rubuta maganarta yadda na riƙe ta.

Ta ce a gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai ɓangare biyu, su suna ce mata tayiroyid. Aikinta ta riƙa tsintar wani sinadari daga cikin jini, sunansa aidin, wanda ke shigowa ta abinci, musamman gishirin leda da ake sa masa shi. Da shi take haɗa wani ruwa da jiki ba ya aiki sai da shi. Ta tara shi a cikin wasu ƙananan rumbuna da ke cikinta, tana saki kaɗan-kaɗan. Shi ke sa jiki ya yi ɗumi, zuciya ta buga daidai, hanji ya motsa, kai ya yi tunani. Ƙwaƙwalwa ce ke aiko mata da saƙo, ƙara ko rage. In aidin ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa ta yi ta kira, ita kuma ta yi ta ƙoƙari har ta kumbura. Ta tambayi irin gishirin da muke ci. Rabi ta ce daga kantun gishirin da nake sayo wa shanu a wurin mutanen Nijar take ɓantara, don ya fi daɗin miya. Likita ta ce ba za ta rantse shi ne ya jawo ba, amma a bar wa shanu nasu.

"To likita," na ce, a hankali, ita kuma ta jira ni, "in an cire ta, me ya sa na yi makonni ina lafiya?"

"Saboda 'yan dako," ta ce. "Ruwan nan ba ya yawo shi kaɗai. A cikin jini akwai masu ɗaukarsa, suna riƙe da mafi yawansa, suna sauke kaɗan a duk inda ake bukata. Ranar da aka cire maka tsokar, 'yan dakon suna ɗauke da kayansu. Shi ka yi ta ci har ya ƙare. Ba magani ne ya kayar da kai ba, Malam Sale. Guzuri ne ya ƙare, na bayansa kuma bai iso ba."

"Amma yana sha kullum," in ji Rabi. "Wallahi ban taɓa tsallake masa ba."

"Da me yake sha?"

Rabi ta lissafa mata. Fura da nono, kunun kanwa, babbar fara, da jar ta ƙarin jini.

Likitar ta ce ƙaramar ƙwayar ita ce madadin abin da tsokar ke yi, kuma ba ta son abokin tafiya. Babbar farar da ta ƙarin jinin suna kama ta a cikin ciki su hana ta shiga jini, nono da abinci mai nauyi su ma suna rage ta. Kaɗan ne yake isa wurin 'yan dakon, da aka daina kuma babu ko kaɗan ɗin. Da an dawo ranar da aka sa, gwajin jini zai nuna. Ita ana shan ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira kamar sa'a guda kafin a karya. Sauran magungunan sai rana ta yi sosai. Kuma ba a daina ta har ƙarshen rai.

Rabi ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ba ta yi sauti ba, kafaɗunta kawai nake gani.

"Ba laifinki ba ne," in ji likitar. "Kin yi abin da kika sani. Kamata ya yi a zaunar da ku kafin a sallame ku."

Ina godiya ga waɗanda suka yi mini aiki, don yau ina numfashi a kwance. Amma wannan maganar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba, kuma ita ce tsakanina da daminata. Na yi ta bin benci wata da watanni, ba a sami mai faɗa mini ita ba. Ni ma da na koma ranar da aka ce, da ba haka ba. Duka biyun gaskiya ne.

Na sake yin tambayata ta farko. "Zan riski huɗa?"

"Bana kam a'a. Sai 'yan dakon sun sake cika, kuma ba a cika su da gaggawa, zuciyarka ba za ta ɗauka ba. Watanni za a yi, ana gwada jini ana daidaitawa."

Muka koma gida gero ya kai gwiwa a gonakin mutane. Tawa Audu da maƙwabta sun shuka gero sun yi mata noma ɗaya da fartanya, ta gyaɗa kuwa ciyawa ce ta cinye ta. Abin da ya rage shi ne wa zai gaya wa Inna. Rabi ta ce ba za ta iya ba. Ni kuma ba ni da bakin yi mata magana. Da safe sai ga ta da ƙwaryarta, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Rabi ta fita, na ji tana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta faɗa.

"Nonon nawa ne ya kwantar da shi?" in ji Inna.

"Ba a hana shi ba, Inna. An ce dai a jinkirta."

Na ji Inna ta ɗauki ƙwaryar ta fita. Na ɗauka ta tafi ke nan, raina ya ɓaci ƙwarai, don matar nan ta yi ta taka ƙasa saboda ni. Ashe gindin bishiyar ƙofar gida ta je ta zauna. Sai da rana ta ɗaga sosai na ji takunta ya dawo.

"A tambaye shi," ta ce, "ko abin nasa ya gama wucewa. Nono na jira."

Na sha har na kusa ƙwarewa.

Sanyin ne ya fara barina, sannan barcin. Kafin a yanke gero na fara zuwa masallaci da ƙafata. Haruffa suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kullum in na idar da sallar asuba sai in haɗiyi ƙwayata da ruwa, in zauna in jira. Ba na bari ta ƙare, tun da saura nake aikawa Kano. Duk inda zan je sai na lissafa ko za ta kai ni in dawo. Haka zan zauna da ita, na kuma karɓa.

Kai mai maƙoƙo, ka je asibiti tun yana ƙarami. In an ce za a cire, kada ka tambayi ranar warkewar yanka kawai, ka tambayi abin da zai maye gurbin abin da aka cire. Kada ka aiki wani tagar magani ya je shi kaɗai. Ka tambaya da me ake sha, da me ba a sha, har yaushe. In ana ture ka daga baya, ka riƙe tagar har a gaya maka. Ranar da aka ce ka dawo, ka dawo, ko wuyanka ya yi sumul.

Ga abin da ya tafi. Gyaɗar shekara guda da awaki huɗu. Huɗar damina ɗaya, tawa da ta mutane, kuma rabin masu jirana sun saba da wani ba su dawo ba. Shekara guda a aji, abokan zamana sun karɓi takardarsu ni ina maimaitawa. Babbar muryata, wadda ba ta dawo ba, yanzu sai na matsa kusa da kunnen sa kafin ya ji ni. Da Jatau, wanda aka ce wani mahauci ne ya saye shi. Fari yana nan a turke shi kaɗai, ban samo masa na biyu ba tukuna.